Ƙullin da Aka Bari a Bayan Ƙofar Zaure

Gwandu,
Talata da hantsi.

Zuwa ga Mai-sunan-Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan kun isa Kano lafiya, kuma mutanen masaukinka sun karɓe ka da mutunci. Allah ya tsare ka a ƙasa, ya tsare ka a sama, ya sauke ka lafiya a ƙasar da za ka neman ilimi. Amin.

Bayan haka, ka san ni da kai ba mu taɓa zama mun yi zance mai tsawo ba. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina gare ka, saboda haka al'ada ta ɗaure mini harshe ɗauri biyu. Ba na kiran sunanka, ba na tsayar da ido a kanka, idan ka shigo zaure nakan tuna ina da aiki a gona. Shekara ashirin muna wannan zama na girmamawa, kamar dauloli biyu masu iyaka ɗaya waɗanda ba su taɓa musayar jakadu ba. To, na bincika al'adar ciki da waje, ban ga inda ta haramta alƙalami ba. Don haka yau zan yi magana, kai kuma ba ka da damar tashi ka ba ni wuri.

Ga musabbabin wannan takarda. Ranar Lahadi motarku ta tashi. Ranar Litinin da safe na je ɗaukar tabarma a bayan ƙofar zaure, sai na tarar da wani ƙulli cikin farin buhu, an ɗinke bakinsa da zare. Hancina ya shaida shi kafin idona. Ƙullin kayan miya ne da mahaifiyarka, wadda kake kira Adda, ta yi mako uku tana haɗa maka. An ajiye shi a kusurwa cikin natsuwa, an jingina tabarma a kansa. Na daɗe ina nazarin wannan tabarma. Mantuwa tana barin kaya a tsakar ɗaki, ko a bakin mota, amma ban taɓa jin mantuwar da ta jingina tabarma ba.

Babu wanda ya gani sai ni. Na ɗauke shi na kai rumbun albasa, inda wari ba ya tona asirin ɗan'uwansa. Gobe da sassafe Baffanka Isa zai taho maka da shi, haɗe da wannan takarda, ya same ka kafin jirginku na ranar Jumma'a. Adda ba ta sani ba tukuna. Ko za ta sani, ko ba za ta sani ba, wannan yana hannunka.

Ba zan yi maka faɗa ba, don ba ni da hurumi. Abin da zan yi shi ne in buɗe maka kundin kurakuraina a fannin abinci, ka karanta, ka ɗauki abin da zai amfane ka.

Kana ɗan shekara bakwai aka tura ni Ingila kwas na noman rani, lokacin muna cikin jihar Sakkwato. Na tafi da sabuwar kwat, da ƙamus mai nauyin bulo, da cikakken jahilci game da tukunya. Na ci tuwo fiye da shekara ashirin da biyar ban taɓa tambayar yadda gari yake zama malmala ba. A zatona wani al'amari ne da ke aukuwa a cikin gida, kamar haihuwa, mu maza sai dai a fito mana da sakamako. Mako na biyu da saukata, kewar tuwo ta kai ni kanti na sayo garin fulawa. Na tafasa ruwa, na juye garin gaba ɗaya, na kama juyawa da cokali. Abin da ya fito ba shi da suna a Hausa. Cokalin ya tsaya a tsakiyarsa kamar tuta. Tsohuwar da nake haya a gidanta ta leƙo, ta duba tukunyar, ta tambaye ni cikin ladabi ko takardar bangon ɗakina ce ta ɓamɓare nake son mannawa. Na ce a'a, abincin dare ne. Ta ce Allah ya taimake ni, da harshensu.

Saboda haka ka saurara. Fulawa ba ta tuwo, ko da ka yi mata addu'a. Ka nemi kantin mutanen Pakistan ko Indiya, babu garin da babu su, ka sayi garin shinkafa, ko garin alkama mai tsaki-tsaki da ake kira samolina. Ka dama kaɗan da ruwan sanyi, ka zuba cikin tafasasshen ruwa kana juyawa. Wannan shi ne talge, kuma shi ne tubalin ginin. Ka bar shi ya dahu. Sa'an nan ka riƙa barbaɗa sauran garin kaɗan-kaɗan kana tuƙawa, ba tare da tausayin kafaɗarka ba. Idan ya haɗe, ka rage wuta, ka rufe, ya sulala. Ni sai da na karya cokulan katako biyu na tsohuwar nan kafin na gane cewa sandar da suke murza ƙullin burodi da ita ta fi kusa da muciya. Kai ba ka buƙatar wannan bincike. Na shafa buhun ta waje, akwai muciya a ciki, an rage mata tsawo don ta shiga akwati.

Kuskurena na biyu ya fi na farko girma, ko da yake bai ɓata tukunyar kowa ba. Na naɗa kaina alƙali a kan abincin mutane. Duk abin da aka ajiye a gabana sai in gurfanar da shi, in kira tuwon gida shaida, in yanke masa hukunci tun kafin ya kare kansa. Dankalinsu ba shi da gishiri, ganyensu an dafa shi har ya manta asalinsa, miyarsu ruwan wanke tukunya. Wata uku na yi a kan burodi da shayi da ƙwai. Wandon kwat ɗin nan da na sa aka ɗinka mini daidai jiki, sai ga ni ina ƙara wa bel huda da ƙusa. Abincin Ingila bai ji komai ba game da hukuncina. Ni ne na rame.

Mai kantin da nake sayen gari, wani dattijo ɗan Pakistan, shi ya warware mini mas'alar. Kullum sai in je in tambaye shi abin da ba shi da shi. Akwai yakuwa? Babu. Akwai rama? Babu. Rannan ya ce da ni, ɗan'uwa, ka daina faɗa mini sunan abu, faɗa mini aikinsa. Na tsaya ina tunani. Na ce aikin yakuwa tsami ne. Ya miƙo mini alayyafo da lemun tsami. Tun daga ranar na fahimci cewa kowane abu a cikin miya ma'aikaci ne, yana da muƙami, wani yauƙi, wani tsami, wani kauri, wani ƙamshi. Idan mai muƙamin ba ya nan, sai a naɗa muƙaddashi.

Ga muƙaddasan da na gwada na amince da su. Suna sayar da niƙaƙƙiyar gyaɗa a kwalba, ka duba wadda ba a sa wa sukari ba, ka haɗa ta da kabewa da alayyafo, ka sami taushe da ba za ta kunyata ka ba. Ɗanyar kuɓewa tana nan a kantunan da na ambata, ƙanana ne amma suna yauƙi. Idan babu kanwa, farar hodar da suke sa wa burodi don ya tashi tana riƙe mata kujera, amma ɗan bakin cokali kawai, in ka zarce miyar za ta yi ɗanɗanon sabulu. Man shanunsu fari ne, ba shi da magana, amma ka narkar da shi da yankakkiyar albasa a ƙaramar wuta har albasar ta yi ja, za ka ji ɗakin ya koma Gwandu na ɗan lokaci. Nama kuwa, ka tsaya a wurin mahauci Musulmi, ka tambaya, kada ka ji kunyar tambaya. Ranar da ba ka samu ba, kifi da ƙwai da wake ba su taɓa kashe kowa ba.

Batun fura yana buƙatar taka-tsantsan. Suna da kindirmo a roba, suna da wani hatsi bajajje da suke kunun safe da shi. Ka soya hatsin sama-sama ba mai, ka daka shi da citta da kanumfari da ɗan barkono, ka dama da kindirmon. Wannan ba fura ba ce. Kada ka kuskura ka kira ta fura a gaban matan rugar Dangoma, don ba za su yafe maka ba. Amma da azahar, idan ka fito daga aji cikinka na kuka, tana yin aikin da aka ɗauke ta dominsa. Kuma idan mutanen ƙasar suka gayyace ka, ka ci abin da ya halatta, ka gode. Bayan na sauka daga kujerar alƙalanci na gano suna da wani gasasshen dankali da kifi wanda har yau nakan tuna shi, ko da yake ba na faɗa a zaure.

Abu ɗaya ne na rasa masa muƙaddashi, shi ne daddawa. Wannan ya kai ni ga kuskure na uku, wanda a lokacin na kira shi ijtihadi. Na ce da kaina, ai ni malamin gona ne, na san kalwa 'yar'uwar wake ce, na kuma san daddawa ba komai ba ce face dafaffen iri da aka rufe a wuri mai ɗumi har ya ruɓa ruɓa mai albarka. Na sayo waken soya, na dafa shi, na murje ɓawon, na ƙunshe a leda, na naɗe da tawul, na ɗora a kan ƙarfen da ke ɗumama ɗaki a ƙarƙashin taga. Washegari aka kwashe mu ziyarar gonaki ta kwana huɗu.

Da na dawo, tun daga bakin titi na ga tagogin gidan duka a buɗe, alhali sanyi na yanka kunne. A cikin falo wani ma'aikaci ya ɗaga katakon daɓe yana haska tocila, yana neman mushen ɓera. Tsohuwar tana tsaye ta ɗaure hanci da gyale. Na hau sama, na sauko da tawul ɗin a hannu biyu, na ce a daina wahala, ga shi nan. Ta ja da baya taku uku ta ce mene ne wannan. Na ce abinci ne. Ta ce na wa. Na ce nawa. Ta ce ita ta zaci tun tukunyar farko ta ga iyakar abin da zan iya. Ba ta kore ni ba, Allah ya saka mata. Ta dai sa ma'aikacin ya haƙa rami a lambu ya binne ijtihadina, tawul da duka. Da bazara furannin wurin suka fi na ko'ina kyau, kuma ta yi adalci ta faɗa.

Ilimin daidai ne, muhallin ne kuskure. Kada ka ruɓar da komai a gidan da ba naka ba. Abin da ke da ƙamshi a wurinmu ka adana shi a gwangwani mai murfi, ka buɗe taga kafin ka buɗe murfin, kuma ranar da miyar ta yi kyau ka zuba wa maƙwabcinka kaɗan. Wanda ya ɗanɗana ba ya saurin kai ƙara.

Yanzu za ka tambaya, in kana da wayon da ake cewa kana da shi, me ya kai mahaifinka, ɗan Inna ta Kalgo, ga waken soya, alhali daddawar uwarsa ce ke ƙarewa a kasuwa tun kafin azahar. Wannan shi ne babin da na yi ta kewayawa tun farkon takardar.

Ni ma ɗan fari ne. Kakarka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, a bakinta ni ne wancan. Ranar da zan tafi na biya Kalgo sallama. Ba ta fito ba. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta, ta amsa daga bayan asabari, ta ce, "Allah shi tsare." Shi ke nan jawabin. Ina shirin tashi, sai ƙanwar mahaifina, Gwaggo Hajo, ta biyo ni da ƙulli a hannu. Ta ce, "Ungo, an ce a ba ka. Kalwar bana ce, ɗaya-ɗaya ta tsince ta. Ko ni ba ta bari na sa hannu ba." Na karɓa, na sa a ƙarƙashin ƙafata a cikin fijon da za ta kai mu Sakkwato.

Rana ta yi zafi, an rufe gilasai saboda iskar hanya, ƙullin ya fara gabatar da kansa. Wani mutum a kujerar gaba, mai jakar hannu da tabarau, ya waiwayo ya ce, "Direba, wa ya ɗauko mana mushe?" Aka yi dariya. Ni ma, cikin sabuwar kwat, na yi dariya tare da su, na ɗan janye ƙafata daga ƙullin. Ka lura da wannan janye ƙafa, don a nan aka yi laifin, sauran duk cikawa ne. Na hango kaina a filin jirgi, na hango Turawa suna toshe hanci. Da muka isa tasha na kira direban gefe, wani mai suna Ɗan'ige, na ce, "Ga 'yar tsaraba ka kai wa iyali." Ya karɓa da hannu biyu. Na shiga motar Kano ina jin kaina mai kyauta.

Abu biyu na manta. Ɗan'ige mutumin Kalgo ne, kuma yana da tarbiyya. Bayan mako ɗaya ya yi wanka, ya sa riga, ya tafi har ƙofar ɗakin Inna godiya. Ya ce, "Inna, Allah shi saka da alheri. Wagga daddawa da Malam ya ba mu ranar tahiyarshi, maiɗakina ta ce ba ta taɓa ganin irinta ba." Inna ta ce, "Madalla. A ci lahiya." Ban san an yi haka ba sai bayan shekara biyu.

Da na dawo na je Kalgo, aka fito mini da akushi daga ɗakinta, tuwon shinkafa da miyar kuka. Shekara biyu ina mafarkin wannan akushi. Na wanke hannu, na kai loma. Gishiri daidai, man shanu daidai, ga busasshen kifi, ga yaji. Babu daddawa. Na ce watakila tsufa ne. Da Gwaggo ta zo ɗaukar kwano na ce, "Gwaggo, yau an yi mantuwa a miya." Ta ce, "Ba a yi ba. An ce baƙon ba ya son wari." Sa'an nan ta ba ni labarin Ɗan'ige daga farko har ƙarshe, tana tsaye da kwano a hannu.

Inna ta ƙara shekara shida a duniya. Duk zuwan da na yi Kalgo a cikin shekarun nan, kowa a gidan na cin miya mai daddawa, ni kuwa ana ɗora mini 'yar tukunya daban. Ka yi tunanin wahalar, tsohuwa ta hura wuta ta biyu saboda mutum ɗaya. Al'adar da ta hana ta kiran sunana ita ta hana ni durƙusawa in tayar da zancen. Na aika da atamfa, an karɓa. Na aika da buhun gero, an sa albarka. Na roƙi Gwaggo ta yi mini bayani a wurinta, ta ce, "Ni ban shiga tsakanin mutum da wancan nashi." Haka aka tafi har Allah ya karɓi abarsa, Allah ya jiƙanta. Har yau ban san ko horo take yi mini ba, ko kuwa da gaske ta ɗauka ba na so, tana ɗora tukunya ta biyu don ta kyautata mini. Idan na zauna nazari, na biyun ya fi hana ni sukuni.

To, Adda ma shekara ashirin ba ta kira sunanka ba. Ranar Lahadi ka ga ba ta fito ba, ka ji abin da ta ce daga ɗaki, bai wuce kalma uku ba. Kada ka ɗauka iyakar abin da take da shi ke nan. Sauran jawabin yana cikin buhun. Da ƙafarta ta je Kalgo ta zaɓo kalwa. Kukar daga Kambaza aka kawo ganyen, ta shanya shi a inuwa don kada korensa ya tafi. Akwai busasshiyar kuɓewa, akwai yaji, akwai tsamiya, akwai wani abu mai ƙara idan an girgiza, ina zaton ƙuli-ƙuli ne. Muciyar kuwa ni aka ba in kai wa kafinta ya rage, ba a gaya mini ta wa ce ba, ni ma ban tambaya ba.

Jiya da la'asar ina zaune a tsakar gida, ta kira ƙanwarka Balkisu, ta ce, "Balki, tambayi babanku ko kayan mutumin nan ba su yi mishi nauyi ba." Ina nan zaune, taku huɗu tsakaninmu. Na ce, "Balki, ki ce kayan suna hanya." Na auna wannan amsa a ma'aunin shari'a na ga ba ƙarya ba ce, tunda Baffanka zai tashi gobe. Amma fatawar tawa ba ta wuce ranar Jumma'a. Bayan nan idan aka sake tambaya, dole in faɗi abin da ya faru.

Na san abin da ka ji tsoro, don ni ma shi na ji. Na ba Baffanka gwangwanayen madara biyu masu murfi, ku juye daddawar a ciki ku liƙe bakin. Idan ma'aikatan filin jirgi suka tambaye ka, ka faɗi gaskiya, busassun kayan miya ne. Idan dokarsu ta sa sun karɓe, wannan hukuma ce ta karɓe, ba kai ka yar ba, kuma ana iya faɗar haka a tsakar gida ba tare da kowa ya sunkuyar da kai ba. Idan kuwa bayan duk wannan ka ga ba ka ɗauka, kai baligi ne, ba zan tilasta ka ba. Ina dai gargaɗinka kada ka ba duk wanda ya san hanyar Gwandu, musamman mai tarbiyya.

Idan ka ɗauka, kada ka mayar da shi kayan tarihi. Ka ci. Ba a yi daddawa don a riƙa buɗewa ana shinshinawa ana rufewa ba. Ranar da ka yi miya ta farko, ko ta yi kyau ko ta yi tsululu, ka rubuto takarda da sunan Balkisu. Ka cika ta da labarin sanyi da karatu yadda kake so, amma a wani wuri a tsakiya ka sa layi ɗaya, ka ce an yi miyar kuka, daddawar ta ji, kuma ana tsoron kada ta ƙare. Balki za ta karanta da ƙarfi a tsakar gida. Adda za ta ba da baya tana tankaɗe, kamar ba ta ji. Za ta ji.

Allah ya kai ka lafiya, ya ba ka abin da ka je nema, ya haɗa ka da maƙwabta masu haƙuri. Allah ya tsare maka imaninka da lafiyarka da cikinka, ya kiyaye ka daga haram a fili da ɓoye. Allah ya dawo da kai ka same mu da rai, kuma ya sa duk ranar da ka zauna a gidan nan, daga tukunya ɗaya za a zuba maka da kowa. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
wanda idan ka dawo ka shigo zaure zai ci gaba da tuna yana da aiki a gona.